Ku Cire Sunan Ummata Daga Cikin Waɗanda Suka Warke

Zuwa ga Babbar Likita,
Shugabar Sashen Lafiyar Mata na asibitin da aka yi wa mahaifiyata aiki, a nan Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da duk masu aiki a ƙarƙashinki.

Ranki ya daɗe, zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata Hafsa da muke musayar littattafai ba ta sani ba. Na yi wa likitanku ƙarya. A ofishinsa, a gaban mahaifiyata, da bakina. Ya tambaye ta yadda take ji bayan aikin da aka yi mata, ta ba shi amsa da Hausa, amsa mai tsawo, ni kuma da aka sa in fassara na sunkuyar da kai na ce masa, "She is fine, sir." Wai lafiyarta ƙalau. Ya rubuta, ya rufe fayil. Yau wata biyar ke nan. A takardunku mahaifiyata ta warke, a gidanmu kuwa ba ta warke ba.

Sunana Nusaiba, shekarata goma sha shida, ina aji biyu a babbar sakandare, a Kubwa muke zaune. Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in baƙi suka shigo gida kuwa bayan labule nake shigewa da littafina. Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta wa mutum na gaske. Sauran duk a bayan littafin lissafi na rubuta su, zuwa ga mutanen da ni na ƙirƙiro su, na kuma yayyage.

Na iya Turanci daidai gwargwado, amma da gangan na rubuto da Hausa. An ce min ba kya jin ta sosai. To, ki nemi wanda zai karanta miki. Ki zauna kina kallon bakinsa, ba ki san ko duk abin da ke cikin takardar yake faɗa miki ba ko yana tsallake wani wuri. Haka Ummata ta zauna a ofishinku ranar nan.

Bari in gaya miki ko wace ce ita, tunda a wurinku lamba ce a jikin kati. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, inda ma'aikata ke jiran motar shiga gari. Da an idar da sallar asuba ta ɗora kasko. Haihuwarta takwas, mu shida ne a raye. Ruwan da take dama koko da shi a ka take ɗauko shi daga burtsatsen bayan layinmu, jarka bayan jarka. Babanmu dillali ne a kasuwar shanu ta Dei-Dei. 'Yan'uwanta duk suna can Arewa, sai dai waya.

Shekara uku tana ɗauke da ciwon nan ba wanda ya sani. Ni dai na lura ta daina zama a kujera 'yar tsugunno sai a karkace, tafiyarta ta koma kamar ta mai taka ƙaya, kullum ƙugunta a ɗaure da tsohon ɗankwali. In an tambaya ta ce baya ne. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta zauna cikin ruwan bagaruwa har ta gaji. A ranta ta riga ta yanke cewa ko jifa ne ko ciwon daji, kuma duk biyun ba abin faɗa ba ne.

Maman Joy ce ta gano. Maƙwabciyarmu ce, mutuniyar Filato, tela, bakinta ba shi da birki. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofarmu tana kallon Umma tana sauke jarka, sai ta ce, "Hajiya, wannan tafiya naka ni na san shi. Abu ya sauko, ko? Ni ma ya yi mani bayan Joy. Kada ka ɓoye, ba maita ba ne, asibiti suna gyara." Ina bayan labule na ji. A ranar na fara sanin mahaifa tana iya zazzagowa har ta leƙo waje, kuma mace ta yi ta yawo da ita tana gaisawa da mutane tana cewa lafiya lau.

Ita Maman Joy ɗin ce ta kai ta wurinku lokacin da kuka yi shelar za ku yi wa mata irin wannan aiki kyauta. Ba zan zama butulu ba. Kun karɓe ta, kun ba ta gado, an yi aiki, abin ya koma bai sake leƙowa ba. Akwai wata nas mai wushirya da ta riƙe hannunta har ƙofar ɗakin tiyata tana ce mata "Mama, ba komai." Har yau Umma tana sa ta a addu'a. Duk wannan gaskiya ne, na kuma rubuta shi don kada a ce na ɓoye alheri.

Sati shida bayan aiki kuka ce ta dawo a duba ta, ranar Talata. Da Maman Joy za su je, sai aka yi mata rasuwa ta tafi gida. Baba ya ce shi ba ya shiga sashen mata. Ƙannena yara ne. Sai ni.

Ban sani ba ko a garinku ana yin haka, amma ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Tun da aka haife ni Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce min, in tana ba wani labarina ta ce "'yar nan". In mu biyu ne kaɗai a ɗaki, bango take kallo ta yi magana. Ba ƙiyayya ba ce, ni na sani, ita ma ta sani. Lokacin da na fara ganin al'ada ma ba ita ta yi min bayani ba, Goggona ta kira a waya ta miƙo min ta fita tsakar gida. To, wannan 'yar ce kuka zaunar a tsakaninta da likita namiji, kuka ce ta fassara abin da ke ƙarƙashin zane.

Akwai sauran rabin laifin, kuma shi ya fi ba ni kunya. Likitan matashi ne, mai farin gilashi da agogo, ga ƙamshin turare. Ni kuwa kaina cike yake da littattafan soyayya, a waya da na takarda, har a banɗaki nake karatu. A cikinsu likita shi ne mutumin da zai ɗago kai daga fayil ya ga yarinya ya manta abin da yake rubutawa. Tun muna kan bencin jira na hango shi na fara tsara labari. Na raɗa masa suna, na ba shi mota, na ba shi uwa mai zafi wadda daga baya za ta sauko. Sau uku na gyara hijabina kafin a kira mu. Allah Ya yafe min.

Ya duba ta a bayan labule, shi da nas, ya fito yana murmushi ya ce komai yana inda ya kamata. Nas ɗin ta fita. Sai ya yi tambaya guda ɗaya tak, wai akwai wata matsala? Na juya na faɗa wa Umma. Matar da ta yi shekara uku tana ɓoyo, ranar ta tattaro duk ƙarfin zuciyarta. Ta kalli bango ta ce, "Ke, ce masa abin dai ya koma, Allah Ya saka. Amma tun da aka yi aikin nan ba na riƙe fitsari. In na yi tari ya zubo, in na yi dariya ya zubo, in na ɗago daga sujada ya zubo. Da can ba haka nake ba." Ta ja bakin mayafi, ta ƙara da cewa, "Kuma ce masa akwai ciwo, in Malam ya... ke dai ce masa akwai ciwo."

Ni kuwa takalminsa nake kallo. Yaya zan buɗe baki in ce fitsari a gaban mutumin da na gama aura a raina? Yaya zan ɗauki maganar da ke tsakanin uwata da ubana in juya ta da Turanci? Sai na faɗi kalmomin nan na Turanci, wai lafiyarta ƙalau. Ya yi dariya ya ce duk wannan dogon bayanin fa? Na ce godiya take yi. Ya juya wurinta da guntuwar Hausarsa ya ce, "Mama, lafiya lau, ko?" Ta ce Alhamdulillahi. Me kuke so ta ce? Ko a gaban gawa haka za ta ce.

Daga nan ya miƙo wata takarda mai zanen fuskoki biyar, daga mai kuka har zuwa mai dariya, wai a zaɓi wadda ta yi daidai da yadda take ji. Ni ya miƙa wa, ba ita ba. Na sa biro na yi alama a kan mai dariya. Duk zaman bai kai tuyar kasko ɗaya na ƙosai ba.

A cikin bas muna dawowa ta ce, "Ke, me ya ce?" Na ce ya ce zai daina da kansa. Ƙarya ta biyu ke nan. Wata biyar tana jira ya daina.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya. Laifina na ɗauka, ba na neman a rage min ko kaɗan. Amma ina tambaya, wa ya ce yarinya ta zama tafinta a irin wannan ɗaki? Asibitinku cike yake da masu jin Hausa. Mai shara tana ji, mai sayar da kati yana ji, nas mai wushirya tana ji. Ba a kira ko ɗaya ba, saboda ga yarinya a tsaye mai kayan makaranta, an huta. Likitanku da kansa ya ga maganar ta yi tsawo fassarar ta yi gajarta, har ya yi dariya a kai. Me ya hana shi ya tsaya? Layi ne ya yi yawa, na sani, na gani da idona. Amma minti biyun da ya tsira da su ranar, uwata ce take biyan su har yau.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe. Me kuke nufi da aiki ya yi nasara? Ku da ido da safar hannu kuke aunawa: abu ya sauko, an mai da shi, ya zauna. Umma kuwa da sallaya take aunawa. Da, da alwala ɗaya takan yi magariba da isha. Yanzu raka'a huɗu sai ta yi su tana ɗar-ɗar, ta sallame ta duba zane, ta canza, ta sake. Ta daina zuwa Islamiyyar matan aure ta ranar Asabar, ita da take zama a sahun gaba. An yi suna biyu da biki ɗaya a layinmu, ni ta aika da gudummawa. Wurin tuya hayaƙi yana sa ta tari, tari kuma kin san abin da yake jawowa, don haka a kan ninkakken buhu take zama, ta ƙi tashi sai masu saye sun watse. Kullum tana shinshina gefen zanenta a ɓoye, tana tsoron wani ya ji wari a wurin abinci ya faɗa wa wani. Ta yayyanka tsofaffin zannuwanta ta yi ƙunzugu da su, in ta wanke sai ta shanya su a bayan ɗaki ta lulluɓe da babban zane don kada maƙwabta su ƙirga. Abin da ta fi tsoro a duniya shi ne a ce da ita mai yoyon fitsari.

Kuma ta daina dariya. Wannan shi ya fi ci min rai. Umma mace ce mai dariya har da hawaye, har ta riƙe ciki ta ce wayyo ku bar ni. Yanzu in Maman Joy ta fara kwaikwayon yadda mijinta yake ciniki a kasuwa, sai in ga Umma ta matse baki ta haɗa gwiwoyi ta kau da kai. Autanmu ya taɓa tambayata ko Umma fushi take da mu. Matar da na yi wa alama a kan fuska mai dariya ke nan.

Na rasa wanda zan tambaya, sai na je wurin Malamarmu ta Islamiyya na ce wai a wani littafi na karanta wata mata mai irin wannan lalura, shin sallarta ta yi? Malama ta ce mai lalura yana da uzuri, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, sallarta ta yi. Sai ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Amma ki gaya wa matar cikin littafin naki ta koma asibiti." Na kawo wa Umma rabin farko, ta ji daɗi kaɗan. Rabi na biyu na haɗiye shi, don in ta koma asirina zai tonu.

Saura magana ɗaya a nan, wadda ba ta dace da bakina ba, amma rashin faɗarta ne ya kawo mu inda muke. Ciwon da ta ce a gaya wa likita yana nan. Baba ya koma kwana a Dei-Dei, sai ranar Juma'a yake zuwa. Ba faɗa suka yi ba. Yakan shigo da balangu a takarda ya ajiye mata a bakin ƙofa, ta ce an gode, shi ke nan hirar. A littattafaina in miji da mata suka daina magana akwai mugu a gefe da yake haɗa su, a ƙarshe a kama shi. A gidanmu babu mugu. Mutum biyu ne masu kunya, ba wanda ya yi wa ɗayansu bayani. Littattafan ma duk a ranar kai amarya suke ƙarewa, ba marubuciyar da ta taɓa rubuta min abin da ke samun jikin amaryar bayan haihuwa takwas.

Na uku. Maman Joy, da ta ga shanyar bayan ɗaki ta gane, ta tambayi wata nas a cocinsu. Nas ɗin ta ce hakan yana faruwa ga wasu mata bayan irin wannan aiki, likitoci sun san da shi, kuma akwai abin da ake yi a kai. To, in kun san da shi, me ya sa ba a gaya wa Umma tun kafin aiki ba? Me ya sa ba a tambaye ta kai tsaye ba? Da likita ya ce kina riƙe fitsari, eh ko a'a, da kai kawai za ta girgiza, girgiza kai kuwa ba ya bukatar tafinta. Da ya ce akwai ciwo, eh ko a'a, haka nan. Amma aka jefo mata tambaya ɗaya mai faɗi kamar titin filin jirgi, aka bar ta ta nemo kalmomin da kanta a gaban 'yarta.

Ki kuma sani, har yau Maman Joy likitanku take zagi. Takan ce, "Wannan yaro, an gaya masa komai ya yi banza da shi, Allah Yana gani." Ina zaune ina ji, ban taɓa cewa uffan ba. Shi ma ina da haƙƙinsa a wuyana. Bai yi banza da maganar ba, maganar ce ba ta kai gare shi ba.

Na huɗu. Watan jiya Maman Joy ta tasa mu gaba muka koma. Mutumin da ke taga mai kula da fayil ya ce an rufe na Umma. Wai shirin yana ci gaba da bin waɗanda suka kawo ƙorafi a dubawar sati shida ne kawai, sauran sai su koma babban layi su fara daga farko kamar ba a taɓa ganinsu ba. Maman Joy ta ce ai Umma ta yi ƙorafi. Ya ce, "Madam, ni abin da oga ya rubuta nake bi." Ya zaro takardar nan ya manna ta a jikin gilashin taga. Ga fuska mai dariya, ga alamata da shuɗin biro. Umma ba ta iya karatun boko ba, amma fuska ai kowa yana karanta ta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya, muka koma Kubwa.

Na biyar. Ranar Lahadi aka kira wayar Baba daga asibitinku, shi kuma ya bugo ya gaya mana. Wai ranar Asabar mai zuwa za ku yi taron murna na matan da suka warke, za a ba su atamfa iri ɗaya, manya za su zo, za a ɗauki hoto. Wai Umma tana cikin waɗanda aikinsu ya fi kyau, ana so ta zauna a gaba. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta ce za ta je, an yi mata alheri, ba za ta watsa wa mutane ƙasa a ido ba. Shekaranjiya na ji tana gaya wa Maman Joy dabarar da ta yi: tun daga azahar ɗin Juma'a ba za ta ƙara shan ruwa ba, don ta iya zaman taron ba ta jiƙa muku kujera ba.

Ranki ya daɗe, a nan haƙurina ya ƙare. Mace mai aiki a bakin wuta za ta yi kwana guda da ƙishirwa don hotonku ya yi kyau. Ni na jawo, kuma ni zan warware.

Ga abin da nake roƙo, ko da yake wasu ba roƙo ba ne, haƙƙi ne.

A cire sunan mahaifiyata daga cikin waɗanda suka warke, a yage takardar fuskokin nan, don ba ita ta cika ba. A buɗe fayil ɗinta daga inda aka rufe shi, ba daga babban layi ba. A sake zama da ita, da mace babba mai jin Hausa a gefenta, ni kuma a bar ni a waje kan benci inda ya dace da ni. A kira Baba shi ma, namiji ya yi masa bayani. A daina sa 'ya'ya su fassara wa iyayensu irin wannan magana, ko da sun ce za su iya, don ni ma ai na ce zan iya. Kuma kafin ku raba atamfa ranar Asabar, ku ja kowace mace gefe ita kaɗai ku tambaye ta, abu ɗaya bayan ɗaya. Ban san abin da za su ce ba. Wataƙila duk sun warke, Allah Ya sa haka. Amma ranar Talatar nan na ga 'yan mata irina da yawa a kan bencin, kowacce kusa da uwarta.

Ban rubuta sunan asibitinku ba, ban rubuta na likitan ba, ban rubuta na Umma ba. Ba tozarci nake nema ba. Amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, zan ba Malama ta karanta wa matan Islamiyya, Maman Joy kuma ta kai wa matan cocinsu, don duk mai tafiya kamar tana taka ƙaya ta san ba ita kaɗai ba ce.

A nan na tsaya da rubutu jiya, na ninke takardar na cusa a cikin wani littafi. Sai na ga ba ni da ikon fitar da sirrin mace ba da izininta ba, na riga na yi mata shisshigi sau ɗaya. Yau bayan la'asar tana tsakar gida tana tsince waken gobe, na zo na zauna a bayanta, na juya mata baya ni ma, na fara karantawa. Na karanta ƙaryar farko, na karanta ta cikin bas. Hannunta bai tsaya ba, ina jin tsakuwa tana faɗawa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya.

Da na kai ƙarshe ina jiran abin da zai biyo baya, sai ta ce, idonta a kan farantin waken, "Ai na sani. Na yi magana mai tsawon zane, 'yar nan ta mai da ita ƙyalle. Ko ban je boko ba ai ina da kunne." Na ce to me ya sa ba ki ce komai ba, Umma? Ta ce, "Ni na ɗora mata abin da ya fi bakinta. Ni da na yi shekara uku ban faɗa ba, ita zan tuhuma a kan minti uku?"

Na tambaye ta ko in cire maganar Baba. Ta ce a bar ta. Sai ta ce, "Maimaita min wurin mai gilashin nan." Na so ƙasa ta tsage. Na maimaita, har da motar, har da uwa mai zafi. Ta ce, "Oh ni! Ni ina can ina fama da raina, ashe 'yar nan suruki ta je nemo min." Sai dariya ta ƙwace mata. Irin ta da, mai hawaye, har farantin wake ya karkace, har Maman Joy ta leƙo ta katanga tana cewa, "Hajiya, kai ne?" Wata biyar ban ji wannan sautin ba.

Sannan ta miƙe a hankali, ta riƙe zanenta ta baya, ta shiga ɗaki ta canza.

Da ta fito ba ta dube ni ba. Ta je inda kaskon tuya yake kife, ta shafa babban yatsanta a gindinsa, ta karɓi takardar ta dangwala a ƙasa. Baƙin tabon da za ki gani kusa da sunana nata ne. Ta ce, "Ke, kai musu. In sun tambaya, ce ni na ce."

Don haka gobe Alhamis zan zo. Ba zan ba mai gadi ba, ba zan ba mutumin taga ba. Zan zauna a bencin ƙofar ofishinki da katin Umma a hannu har ki fito, ko da zan rasa makaranta. Mai yiwuwa in na gan ki in kasa ko gaisuwa. Ba komai, wannan karon na riga na rubuta, ba yadda zan yi in gajarta ta. Ranar Juma'a kuwa Umma za ta sha ruwanta, ni zan miƙa mata da hannuna.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya sa albarka a hannuwanku, Ya saka wa nas mai wushirya da alheri. Likitan nan kuma a ba shi haƙuri a madadina. Allah Ya ba ki mai fassara wanda ba zai ji kunyarki ba.

Wassalam.

Nusaiba, 'yar mai ƙosai,
Kubwa, Abuja.